Malam Na'Allah, Mai Tsaron Numfashin Saude

In damina ta yi nisa, Malam Na'Allah ba ya buɗe ɗakin shan magani sai ya gama da ciyawa. Yana idar da sallar asuba zai naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗauki lauje, ya bi gindin katanga yana yanke duk wata kyasuwa ko harkiya da ta fara ɗago kai. Ba ya jira ta yi fure. Daga nan sai ya nufi wani farin faranti da yake shafa wa man kaɗe ya ajiye a kan katanga tun jiya. Zai ɗauko shi, ya karkata shi wajen hasken gabas, ya daɗe yana dubawa. In farantin fes yake, sai ya wanke hannu, ya tafasa allurai, ya sa farar rigarsa, ya fara ganin masu gyambo da masu zazzaɓi. In kuwa ya ga wani gari-gari ruwan ɗorawa ya manne a jikin man, to ranar keke zai sha wuya. Yana sallamar marasa lafiya zai hau, ya bi gida-gida yana faɗa wa mutanensa cewa bununi ya sauka, wato garin furen ciyawa da na hatsi da iska ke ɗauka. A rataya jiƙaƙƙen zane a taga, kada a shiga gona da hantsi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, da ke Kukar Daudu, a ƙasar Roni. Watan jiya ya ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko kaza ba. Ya miƙa mabuɗi ga wanda ya gaje shi, ya ɗaure kayansa a bayan keke, ya dawo Kazaure gidan yayarsa Iya Dela.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Iya Dela. Tun ina ƙarama nake ganinsa, amma maganata da shi ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, don ni bakina nauyi gare shi. Abin da na gani, da abin da na tambayo a wurin waɗanda suka gani, shi zan rubuta. Na san ba zai so ba. Tun kakar bara ya daina raha, kuma in aka ambaci aikinsa sai ya kau da kai. Dalilin haka wata mata ce mai suna Saude, wadda ya yi shekara ashirin yana tsaron numfashinta.

Ya fara aiki a 1945. An koya masa wankin gyambo da yin allura da auna maganin zazzaɓi. Babu wanda ya koya masa komai a kan ciyawa. Littafin da yake rubuta sunayen marasa lafiya ne ya fara ba shi haske. Ya lura akwai wasu sunaye, ba su kai ashirin ba, da ba ya ganinsu duk shekara sai gero ya fara bununi. Daga nan za su yi ta zuwa da atishawa ba ƙaƙƙautawa, da hanci yana zuba kamar ruwa, da idanu jajur suna ƙaiƙayi, wasu har ƙirjinsu yana fito. Jikinsu babu zafi. Da ciyawa ta bushe sai su ɓace, sai kuma baɗi war haka.

Mutane suna cewa mura ce, ko sanyin damina, ko cin tumu. Waɗanda abin ya yi wa tsanani kuwa a ce iska ce, tun da watanta ɗaya take zuwa. Shi bai yarda ba. Yakan ce mura in ta shiga gida sai ta zaga kowa, wannan kuwa mutum ɗaya take zaɓa ta bar wanda suke kwana ɗaki ɗaya, kuma mura ba ta duba wata. Sai ya shiga tambayoyin da suka sa aka fara yi masa kallon mai taɓin hankali. Ina kake kwana? Da me aka cusa katifarka? Yaushe aka yi wa ɗakin sabuwar jinka? Wa ke yanko wa tumaki ciyawa? Har aka laƙaba masa Likita Mai Lauje, kuma ba yabo ake nufi ba.

A kakar 1955 aka kawo masa Saude a kan jaki daga wata ruga ta wajen Gwiwa, tafiyar mil bakwai. Amarya ce ta shekara biyu. Tana zaune a sunkuye, ta dafa gwiwoyinta, tana jan iska kamar ta cikin tsinke, leɓɓanta sun fara yin duhu. Mijinta, wanda kowa ke kira Kawu, yana riƙe da igiyar jakin. Malam Na'Allah jinin Barebari ne, akwai wasa tsakaninsu da Fulani, don haka ko a cikin wannan hali Kawu bai fasa tsokana ba.

“Kai Babarbare, fito ga aiki. In ka warkar mini da ita na 'yanta ka.”

“Bawa ba ya 'yanta ubangidansa,” in ji Malam. “Sauko da ita a hankali. Kada ka kwantar da ita, bar ta a zaune.”

Ya yi mata allurar fuka, numfashi ya dawo. Ya ajiye ta a gidansa wajen matarsa Mairo. A kwana na uku ta ce maƙogwaronta ya bushe, shi kuma don tausayi ya sa Mairo ta yanka mata kankana ta sanyaya shi. Ba ta gama yanki ɗaya ba ta fara susar baki. Leɓɓanta suka kumbura, harshe ya yi nauyi, numfashi ya sake sarƙewa. Ya ruga ya ɗauko allura. Mairo ta ce bayan abin ya lafa ya zauna a ƙofar ɗaki yana ta cewa, “Ni da hannuna. Ni da hannuna.”

Da wani ne da ya ɓoye wannan. Shi kuwa washegari ya hau keke ya bi sauran mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu, in sun sha kankana me suke ji. Bakwai suka ce bakinsu yana ƙaiƙayi, sun ɗauka kowa haka yake ji. Wasu suka ƙara da ɗanyen tumatir, amma in an dafa shi a miya ba ya yi musu komai. Biyu suka ce ɗanyar gyaɗa. Ya dawo ya zauna ya yi wa Saude bayani, ga Kawu a gefe.

“Jikinki ya ƙulla gaba da kyasuwa. To kyasuwa tana da dangi. Dubi kanta ki dubi zangarniyar gero, ai kin ga 'yan'uwa ne. Maiwa haka, gamba haka, dawa ma haka. Jikinki ba ya bambance su, duk wanda ya yi fure sai ya taso masa. Kankana kuwa, Allah ne Ya san abin da ya haɗa ta da su, amma akwai wani abu a cikinta da ya yi kama da nasu.”

Saude ta ce, “To Malam, in gero maƙiyina ne, me zan ci?”

“Ci tuwonki, sha furarki. Da furensa ne ba kwa shiri, ba da tsabarsa ba.”

Kawu ya tuntsire da dariya. “Ciyawa? Abin da saniya ke ci ta ba mu nono? Wannan karatun Barebari ne. Mu a cikin ciyawa aka haife mu, a cikinta ake binne mu.”

“Shi nake gudu,” in ji Malam.

Kawu ya ɗauke matarsa ya mayar da ita ruga, ya sa ta a bukkar da aka yi wa sabon zanan gamba don ta ji daɗi. Kwana biyu aka sake ɗoro ta a kan jaki. Wannan karon bai yi tsokana ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Faɗi abin da za a yi.”

Abin da Malam ya faɗa shi ne, duk shekara in kyasuwa da maiwa suka fara fure, Saude ta bar ruga ta koma cikin gari kwana arba'in, ta zauna a ɗakin soro, ba jinka, ba zana, ba katifar ciyawa. Kawu ba shi da kowa a Kazaure. Malam ya ce shi yana da yaya. Haka Saude ta zama baƙuwar Iya Dela, kaka bayan kaka, har sau goma sha tara.

Nan na san ta. In muka ga an wanke ɗakin kudu an rataya zane a tagarsa, mun san ta kusa. Takan iso da ƙwaryar man shanu a ka, doguwa, siririya, hancinta ja saboda shafa. Ita ke yi wa duk 'yan matan layinmu kitso, hannunta ba ya ciwo. Ba ta son gari ko kaɗan. Takan ce da Iya Dela, “Garinku duwatsu da katangu, babu inda ido zai miƙe ƙafa.” Iya Dela ta ce, “To koma, ciyawa tana can tana cigiyarki.” Su yi ta dariya. Amma in aka koro shanu ta bayan gida da yamma, sai ta ajiye tsinken kitso, ta karkata kai tana saurare har ƙarar kofatonsu ta ɓace. Kowace Juma'a Malam zai zo a keke, ya tsaya a zaure, a fito da ita ya sa abin awo a bayanta ya ce ta ja numfashi. In ya ji ƙirjin shiru sai ka ga fuskarsa ta saki.

A shekara ta biyu da fara wannan zama ta haifi 'ya mace, Mas'uda. Bayanta ta haifi maza uku. Kasancewar Mas'uda 'yar fari ce, Saude ba ta taɓa kiran sunanta ba. Sai dai “yarinyar nan”, ko “waccan”. Tun da aka yaye ta kuma, a wajen kakarta ake barin ta duk kaka.

Ba Saude kaɗai ba ce. Halliru maɗinki na Kukar Daudu ya gaya mini cewa shi ciyawar daji ba ta dame shi ba, nasa ciwon daga ciyayin juji ne irin su zarangade, kuma duk sanda aka yi masa suracen tazargade don murar ta fita sai ya kwana uku bai ɗaga kai daga matashi ba. Malam ne ya raba masa su, ya ce ciyayin juji danginsu daban, na daji daban, kuma akwai waɗanda duka biyun ke kamawa. Ya sa aka nome jujin da ke bayan shagonsa, ya hana shi suracen. Halliru ya ce, “Da can kaka in ta zo sai in rufe shago. Mutumin nan ne ya mayar mini da watanni biyu a kowace shekara.”

Da na je jami'a a Zariya na karanci ilimin tsirrai. A ɗakin karatu na tarar masana sun rubuta cewa furen ciyayi 'yan gida ɗaya yana ɗauke da sinadarai masu kama da juna, shi ya sa jikin da ya ƙi ɗaya yakan ƙi sauran, kuma wasu 'ya'yan itatuwa irin su kankana da tumatir suna da makamancinsu, wanda wuta kan lalata. Na rufe littafin na daɗe a zaune. Baba Malam, kai ne ka gano wannan da faranti da man kaɗe da yawan tambaya, a ƙauyen da babu ko fitilar lantarki. Kai ne aka yi wa dariya ka ci gaba da yankan ciyawarka. Na dawo hutu da niyyar in gaya maka, na gaishe ka a zaure, kunya ta hana ni. Yau nake gaya maka.

Bara Mas'uda ta sami ciki na fari, aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Malam ya ƙirga watanni ya ga haihuwar za ta faɗo daidai lokacin da kyasuwa ke buɗewa. Ya hau keke ya tafi rugar tun da sauran wata guda. Abin da aka yi a can Kawu ne ya ba Iya Dela labari.

Malam ya ce a kawo su duka biyu Kazaure, uwa da 'ya, a yi jegon a can. Ruwa akwai, itace akwai. Tsofaffin ruga suka ce sam, haihuwar fari a gidan bare? Surukai za su ce yarinya ba ta da gidan uba. Ya ce to ƙanwar Kawu ta yi wankan, Saude ta tafi. Kawu ya yarda da wannan. Saude ce ta ƙi. Tana bayan zana tana jin su, sai ta yi magana, ita da ba ta saba sa baki a zancen maza ba.

“Malam, shekara goma sha tara ina gudu. Yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa jawo ta jikina a gaban mutane ba. Duk kaka in bar ta in tafi. Kwana arba'in ɗin nan su kaɗai aka ba ni in riƙe ta, in wanke ta da hannuna, ba mai cewa na yi rashin kunya. Su ma in bayar?”

“Saude, ƙirjinki ba na da ba ne. Kina iya mutuwa.”

“Na sani. Ai kai ka koya mini.”

Kawu ya ce Malam bai yi faɗa ba, bai ce ya cire hannunsa ba. Ya tashi ya ce a nuna masa inda za a yi bukkar maijego.

Ya hana a sa mata sabon zana, aka kwanto tsofaffi aka wanke su. Ya tara samarin ruga suka nome ciyawa taku ɗari ta kowane gefe, shi ma yana ciki da laujensa, mutum mai shekara sittin da 'yan kai. Ya hana Saude zuwa ɗebo itace ko ganyen wanka. Ya bar mata ƙwayoyi, ya nuna wa Kawu yadda za a zaunar da ita in abin ya taso. Allura ce kawai ba ya iya bari, don babu wanda ya iya yi. Abu ɗaya ya gagare shi. Gabas da rugar gonakin maiwa ne na manoman ƙauye, iya ganin ido, kuma sun fara fitar da kai. An gan shi tsaye a bakinsu da lauje a hannu. Abincin mutane ne na shekara. Ya juya.

Mas'uda ta haihu lafiya, namiji. Daga ranar Malam ya mai da zuwa rugar aikin kullum. Yana sallamar mutane da hantsi zai ɗaure akwatin allura a bayan keke ya yi mil bakwai, ya duba ta, ya dawo da la'asar. Sau huɗu yana tarar da ita a sarƙe ya yi mata allura. Ta rame, muryarta ta dushe, idanunta kullum a kumbure. Amma safe da yamma ita ke tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana yi wa 'yarta wanka, ita ke dama mata kunun kanwa. Matan ruga sun ce ba su taɓa ganin ta da fara'a irin ta kwanakin nan ba. In Malam ya ce, “Ya isa haka, ki bi ni gari,” sai ta ce, “Saura kaɗan, Babarbare, kada ka gaji.”

A kwana na ashirin da shida aka wayi gari da hadari. Aka yi iska mai ƙarfi, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin na bankwanan damina. A ruga aka yi murna, aka ce ruwa zai kwantar da bununi. Malam bai yi murna ba. Ya sha ganin masu fuka suna sarƙewa bayan irin wannan iska. Bai buɗe ɗakin magani ba ranar, abin da bai taɓa yi ba. Ya kama hanya ruwa na dukansa. Taɓo ya riƙe keken, ya sauka yana turawa. Da ya iso rafin da ke tsakani ya tarar ya cika ya batse. Wasu manoma da ke fake a gindin tsamiya suka ce ya jira ya janye. Ya bar musu keken, ya ɗora akwatin a ka, ya shiga, ruwa har ƙirji. Sauran mil biyun da ƙafa ya yi su.

Tun daga nesa ya ga maza zaune a waje a kan buzaye, babu mai magana.

Mas'uda ta ce uwarta ta gama yi mata wankan safe, ta zauna a gefen tukunya ta dafa gwiwoyinta. Suka zaunar da ita yadda aka nuna musu, suka ba ta ƙwaya, ba ta iya haɗiyewa ba. Har ta cika ba ta kira sunan ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ke, rufe wa yaron kai, akwai iska.”

Malam ya ajiye akwatin a ƙasa bai buɗe ba. Ya bi su aka yi mata salla, rigarsa tana ɗigar ruwa. Tun ranar magana ɗaya yake maimaitawa, ga Mairo, ga Iya Dela, ga duk wanda ya yi masa ta'aziyya: “Na makara.” Ya ce da ya kwana a rugar. Ya ce da ya koya wa Kawu allura. Ya ce da ya yi mata tsawa ya ɗora ta a jaki da ƙarfi. Ya ƙarasa shekararsa ta aiki ba ya fashi, amma Mairo ta ce tuwo sai ta yi da gaske yake cin rabin malmala.

Makon jiya, ranar kasuwa, Kawu ya zo Kazaure. Ina gidan Iya Dela muna tsince wake a tsakar gida, zauren kuma ba shi da nisa. Muka ji sallamarsa, muka ji ya jingina sandarsa.

“Babarbare, an ce ka daina cin abinci. Wa ya ba ka izini? Ni ban sayar da kai ba tukuna.”

Malam bai rama ba. Ya ce, “Na makara, Kawu. Da na...”

“Yi shiru, bawa ba ya katse ubangidansa. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da na fara kawo ta wajenka a kan jaki, ba magani na zo nema ba, don kada a ce ban yi komai ba ne. Yayyenta sun riga sun yanko alawayyo a kasuwar Roni. Kamu goma sha biyu. Yana cikin burgamina sanda nake tsokanarka.”

Iya Dela ta daina tsintar waken.

“Da ta tashi, kunya ta hana ni fito da shi. Na naɗe na sa a ƙasan akwati na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce baɗi. Har na manta. Ranar da ta rasu na buɗe akwatin in ɗauko. Gara ta cinye shi, Malam. Ko kamu ɗaya mai kyau ban samu ba. Sai rance muka yi a ƙauye. Likkafaninta ya tsufa ya mutu ya bar ta tana kitso, tana haihuwa, tana aurar da 'ya. Kwananta ne ya ƙare. Kai kuma kana nan kana ce mini ka makara.”

Can sai muka ji kukan Malam, kukan dattijo, irin wanda ba ya fita da ƙarfi. Kawu bai hana shi ba. Da aka jima ya ɗaga murya ya ce, “Iya, a kawo tuwo. In bai ci ba ni zan ɗura masa.” Kwanon ya dawo babu komai.

Ban san ko wannan ya warkar da shi ba. Jiya na ga ya fito ƙofar gida ya zauna a kan dakali, ya amsa gaisuwar masu wucewa, amma har yanzu shirunsa ya fi maganarsa yawa.

Ga masu karatu, roƙona kaɗan ne. In kuna da wanda atishawa da ƙaiƙayin ido ke kamawa wata ɗaya duk shekara, kada ku ce mura ce ku wuce. Ku lura da abin da ke fure a lokacin. Ku tambaye shi abin da bakinsa ke ji in ya sha kankana. Ku nome ciyawar bayan ɗakinsa kafin ta yi kai, ku duba abin da yake kwana a kai, in ƙirjinsa ya fara fito kada ku jira gobe. Ku kuma malaman asibiti masu tasowa, ku da aka ba littattafan da shi bai samu ba, ku riƙa duba sunayen da ke dawowa, ku yi tambaya ko da za a yi muku dariya. Mutumin yana nan da ransa a Kazaure, kuma abin da ke kansa ba a rubuta shi ko'ina ba. Ku zo ku zauna a gabansa tun yana iya faɗa.

Baba Malam, na Dela, Babarbare mai lauje, mun gode. Halliru ya gode. Mas'uda ta gode, ita da ta sami uwa ta yi mata wanka kwana ashirin da shida. Allah Ya jiƙan Saude, Ya sanyaya maka zuciya, Ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba. Rai ba a hannunka yake ba, kuma ba ka taɓa cewa a hannunka yake ba. Kaka ashirin, da yardar Allah, kai kake fara isa wurinta. Sau ɗaya tak aka riga ka.